Me Ya Sa Yaranmu Suke Tuntuɓe da Turanci?

A ce yarinya 'yar aji biyar ta taso daga wata makarantar firamare a ƙasar 'Yankwashi, ta zo gida ta miƙa wa ubanta littafin aikinta. Ya buɗe, ya ga jan biro ya cika shafi. Malam ya ce su rubuta abin da ya faru a gida jiya, ita kuwa ta rubuta, *My mother she drink medicine.* Malam ya ja layi a ƙarƙashi, ya ba ta sifiri. Uban bai san inda kuskuren yake ba, ja kawai ya gani. Ransa ya ɓaci, ya ce yarinyar nan ba ta da kai, asarar kuɗin littafi kurum ake yi.

To, bari mu duba abin da ta rubuta da kyau. Abin da ke zuciyarta shi ne, "Innata ta sha magani." Ta nemo wa kowace kalma takwararta ta Turanci, ta ajiye ta a inda Hausa take ajiye ta, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Watau tubalin Turanci ta ɗauka ta yi ginin Hausa da shi. Yarinyar da ta iya wannan tana da kai. Abin da ya rage mata shi ne a nuna mata inda ginin harsunan nan biyu ya dace, da inda ya saɓa.

Ƙofar da kowa zai bi

A Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da Babura maƙwabciyarsu, da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake hira a gona da bakin rijiya. Yaron Karkarna ko na Achilafiya yana iya yin mako guda bai ji jimlar Turanci ko ɗaya ba in ba a cikin aji ba. Ɗan Fulanin da ya tashi da Fulatanci a ruga kuwa, Turanci harshe na uku ke nan gare shi.

Duk da haka Turanci ne ƙofar da kowa zai bi. Jami'a tana neman kiredit a Turanci daga jarrabawar WAEC ko NECO. Duk wanda zai zauna jarrabawar JAMB, ko likita yake so ya zama ko injiniya, dole ya rubuta takardar Turanci. Wanda ya sami shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, nan Kazaure kusa da gida, da Turanci zai saurari lacca. Har lissafi ma, da Turanci ake rubuta tambayarsa. Sau da yawa yaro ya iya lissafin sarai, tambayar ce bai gane ba.

Gwamnati ta sha sauya shawara a kan wannan magana. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ake yi a yankinsu, daga baya a koma Turanci. A aikace an ɗauki aji huɗu a matsayin wurin sauyin. A watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da sanarwar cewa za a yi dukan shekara shida na firamare da harshen uwa, ko da yake shi da kansa ya ce sai an tanadi littattafai da malamai tukuna. Bayan shekara uku, a Nuwamba na 2025, Minista Dokta Tunji Alausa ya ce an soke wannan tsari, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage. Dalilin da ya bayar shi ne yawan faɗuwa jarrabawa. Malaman harsuna da yawa a jami'o'i ba su yarda da shi ba.

Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, abu ɗaya bai sauya ba. Yaron 'Yankwashi da Hausa a bakinsa yake shiga aji ɗaya, kuma a kanta zai ɗora Turancinsa. Saboda haka ya kamata iyaye da malamai su san yadda aka gina harshe.

Harshe gini ne mai hawa huɗu

Kowane harshe a duniya yana da abu huɗu. Akwai sauti, watau baƙi da wasali da ke fita daga baki. Akwai kalma, wadda ake ƙerawa da sautuka. Akwai jimla, inda ake jera kalmomi bisa ƙa'ida. Sa'an nan akwai ma'ana, abin da mai magana yake nufi. Magini yakan kwaɓa ƙasa, ya buga tubali, ya jera shi ya zama bango, sa'an nan a sami ɗakin kwana. Haka harshe yake.

Kada wani ya ɗauka Turanci ne kaɗai yake da nahawu. Wani Bajamushe mai suna Schön ya buga littafin nahawun Hausa tun 1862. Bargery ya fitar da babban ƙamus ɗinsa a 1934. A shekara ta 2000 wani Ba'amurke, Farfesa Paul Newman, ya buga nahawun Hausa mai shafi fiye da 700. Yawancin ƙa'idodin da ke cikin wannan ƙaton littafi, yaro ɗan shekara shida yana aiki da su kullum ba tare da ya san sunansu ba. Ba za ka ji shi ya ce "rigata ya yage" ba, ko kuwa "uku awaki." Wa ya koya masa? Kunnensa ne, a bayan uwarsa da cikin 'yan'uwansa.

Hawa na fari: sauti

Hausa tana da wasali biyar, *a, e, i, o, u*, kowanne da gajere da dogo, ga kuma *ai* da *au*. Tsawon wasali yana sauya ma'ana, kamar *gari* da ake zama a ciki da *gari* na tuwo. Hawa da saukar murya ma haka, kamar *wuya* na jiki da *wuya* ta wahala, ko *kuka* na hawaye da *kuka* ta miya.

Turancin Ingila kuwa yana da sauti 44, baƙi 24 da wasali 20, amma da harafi 26 kawai ake rubuta su. Nan wahalar take farawa. Harafin *a* kaɗai, dabam ake faɗarsa a *cat*, dabam a *cake*, dabam a *car*, dabam kuma a *call*. A rubutun Hausa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, abin da ka gani shi za ka faɗa. Shi ya sa koyon karatu da Hausa ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Akwai kuma sautukan da Hausa ba ta da su. Ba mu rarrabe *p* da *f*, ba mu da *v*, ba mu da *th*. Kalmomin da muka aro sun isa shaida. Dubi *fensir* da *fasinja*, da *p* suka fara a gidansu. Dubi *direba* da *talabijin*, *v* ce ta koma *b*. Dubi *tiyata*, *th* ce ta koma *t*. Bayan haka Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a manne, sai ta tsarma wasali a tsakani. Ta haka muka sami *burodi* da *burki* da *gilashi* da *firamare*. Kakanninmu ba kuskure suka yi ba, sun sassaƙa baƙin kalmomi ne don su zauna daidai a bakin Bahaushe. Yaro ma abin da yake yi ke nan sa'ad da ya faɗi *fan* a maimakon *pan*.

Ba abin kunya ba ne. Ba Bature *ƙafa* da *kafa* ka ji, ko *ɓari* da *bari*. Sai ya yi watanni kunnensa bai raba su ba. Kowa da irin tuntuɓensa.

Akwai ma inda Bahaushe yake da riba. Da yake kunnensa ya saba da dogon wasali da gajere, raba *ship* da *sheep*, ko *full* da *fool*, ba ya ba shi wuya sosai in malam ya tuna masa da *gari* da *gari*.

Hawa na biyu: kalma

Kalma ma ƙera ta ake yi. Daga *noma* muka sami *manomi*, *manomiya*, *manoma*. Daga *karanta* muka sami *makaranta*, daga *buɗe* muka sami *mabuɗi*. Turanci ma yana yin haka, sai dai a ƙarshen kalma yake liƙa nasa: *farm* ta ba da *farmer*, *teach* ta ba da *teacher*. Yaron da aka nuna wa cewa wannan *er* ɗin 'yar'uwar *ma* ce ta Hausa ya sami mabuɗin kalmomi masu yawa a rana ɗaya.

Wajen jam'i, Turanci ya fi Hausa sauƙi ƙwarai. Mu muna da *gida, gidaje*; *yaro, yara*; *kujera, kujeru*; *littafi, littattafai*; *akuya, awaki*. Kowace da hanyarta. Turanci galibi *s* kawai yake ƙarawa, ban da 'yan kaɗan masu taurin kai irin su *man, men* da *child, children*. Yaron da ya riƙe jam'in Hausa duka a kansa, wannan ba zai gagare shi ba.

Wajen jinsi kuwa sai a yi hankali. A Hausa kowane abu ko namiji ne ko mace: wando *ya* yage, riga *ta* yage. Turanci yana ajiye *he* da *she* domin mutane, sauran abubuwa *it* ne. Don haka in yaro ya kira mota *she*, Hausarsa ce ta leƙo. A ɗaya gefen, mu muna da *kai* da *ke* da *ku*, Turanci kuwa *you* kaɗai gare shi domin su duka.

Babban bambanci yana wajen nuna lokaci. A Hausa ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ce take ɗaukar nauyin: *ya* sha, *zai* sha, *yakan* sha. Ita *sha* tana nan yadda take. A Turanci aikatau ɗin da kansa yake sauya kama: *drink, drank*, *go, went*, *take, took*. Yarinyarmu ta ga ta riga ta sa *she* a madadin *ta*, a lissafinta an gama nuna cewa abin ya wuce. Shi ya sa ta bar *drink* yadda take.

Hawa na uku: jimla

Nan akwai labari mai daɗi. Hausa da Turanci tsari ɗaya suke bi a babban jeri: mai aiki, sa'an nan aikin, sa'an nan abin da aikin ya faɗa wa. *Audu ya sayi doya* da *Audu bought a yam* kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Ba kowane harshe ne haka ba. Babarbare, alal misali, a ƙarshen jimla yake ajiye aikatau, haka ma mutumin Japan. Ɗan Bahaushe ya huta da wannan.

Amma akwai wurare kaɗan da hanya ta rabu, kuma a nan ne jan biro yake yawa.

Na ɗaya, Hausa ba ta yarda a ce "Audu zo" ba, sai an ce *Audu ya zo*. Turanci kuwa ba ya son wannan *ya* ɗin in an riga an ambaci suna. Daga nan *my mother she* ta fito.

Na biyu, ƙidaya da mallaka a juye suke. Mu mukan ce *awaki uku*, su *three goats*. Mu *gidan Audu*, su *Audu's house*.

Na uku, tambaya. Bahaushe murya kawai yake ɗagawa: *Ka ci abinci?* Bature sai ya jawo wata kalma ya kafa a gaba: *Did you eat?*

Na huɗu, amsar tambayar da ke da korewa. In aka ce da yaro, "Ba ka ci abinci ba?" in bai ci ba zai ce, "I, ban ci ba." A Turanci *no* ake cewa a wannan wuri. Yara da yawa sun sha faɗa a aji a kan wannan, ana tsammani ƙarya suke yi ko rainin wayo, alhali amsar Hausa suka bayar da bakin Turanci.

Hawa na huɗu: ma'ana

Kowane harshe da yadda yake yanka duniya gunduwa-gunduwa. Mu muna *shan* ruwa, mu *sha* magani, mu *sha* mangwaro, mu *sha* iska, mu *sha* wahala. Turanci kalma dabam yake ba kowanne, magani kuwa *take* ake yi masa. Muna *jin* magana, mu *ji* wari, mu *ji* sanyi, mu *ji* Turanci. Turanci ya raba su huɗu: *hear, smell, feel, understand*. Muna cewa *ara mini* da *na ara*, duk kalma ɗaya, su kuwa suna da *lend* da *borrow*.

Wani wurin kuma Hausa ce ta fi yanka ƙanana. *Wa* da *ƙane* duk *brother* ne a Turanci. *Kawu* da *baffa* duk *uncle* ne, *inna* da *gwaggo* duk *aunt*. Ashe ba harshen da ya fi wani wadata ta kowane gefe. Darasin da ke nan shi ne, haddace jerin kalmomi da fassararsu ba ya isa. Sai yaro ya ji kalma a cikin jimla, sau da yawa, kafin ya san abokan tafiyarta.

Yanzu mun ga kuskure uku na yarinyarmu, kowanne da asalinsa: *she* daga ginin jimla, rashin nuna lokaci daga ƙirar kalma, *drink* daga ma'ana. Abin da ake so ta rubuta shi ne, *My mother took some medicine.* Malamin da ya san Hausa da Turanci yana iya warware mata wannan cikin minti goma, kuma ba ita kaɗai ba, ajin duka, gama kuskurensu iri ɗaya ne.

Abin da aka gwada aka gani

Tsofaffin makarantun elementare na Arewa da Hausa suke fara koyarwa. Haka makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ta yi. Sai yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi da harshensa, sa'an nan a ɗora masa Turanci. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibai lafazin Turanci. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda daɗin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Shi ne kuma ya rubuta *Shaihu Umar* da Hausa tsantsa. Ɗayan bai hana ɗayan ba. Gaskiya ne ɗaliban wancan zamani kaɗan ne, zaɓaɓɓu, malamansu kuma ƙwararru. Amma tsarin da aka bi da su abin lura ne.

A ƙasar Yarabawa an yi gwaji na musamman. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa ya zama darasi guda a hannun malamin da aka horar musamman dominsa. Da aka gwada su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su kasa su a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. A lura da sharaɗin: an rubuta littattafai, an horar da malamai, kuma ba a yi wasa da darasin Turancin ba.

Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya bincika 'ya'yan baƙi da suka shiga makarantun birnin Toronto. A 1981 ya nuna cewa cikin shekara biyu yaro yakan iya Turancin hira da wasa, amma Turancin littafi da jarrabawa yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Waɗannan fa yara ne da suke jin Turanci a titi da kanti da filin ƙwallo. Ina ga ɗan Gwiwa ko Roni? Saboda haka iyaye su yi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga malamai

Kunne da baki su riga biro. Jariri sai ya ji ya faɗa kafin ya san harafi, haka ma mai koyon baƙon harshe. A ce da yara su tashi, su zauna, su buɗe ƙofa, su taɓa allo, duk da Turanci, suna yi suna faɗa.

A ware minti biyar kullum domin sautukan da Hausa ba ta da su. A nuna wa yara da ido: *p* leɓɓa biyu ake rufewa a sake su da ƙarfi, har 'yar takardar da aka riƙe a gaban baki ta motsa, *f* da *v* haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, *th* kuwa kan harshe ne yake leƙowa tsakanin haƙora. A riƙa faɗin kalmomi biyu-biyu, *pan* da *fan*, *pull* da *full*, yara suna nuna wadda suka ji.

A kafa jimla ɗaya, a riƙa sauya kalma guda a cikinta, har tsarin ya zauna. A ɗauko misalai daga abin da yara suka sani, gero da gyaɗa da akuya da ranar kasuwa.

Kada a ji kunyar yin bayani da Hausa. A rubuta jimlar Hausa a sama, ta Turanci a ƙasa, a bar yara su gano bambancin da kansu. Minti biyu na bayani da harshen da yaro yake ji ya fi rabin sa'a na maimaitawa a banza.

A yi hattara da karatun aku. Aji yana iya amsa wa malam da murya ɗaya har a ji su daga bakin hanya, alhali ba wanda ya san abin da yake faɗa. Gwajin mai sauƙi ne: a ce da yaro ya faɗi abin da ya karanta da Hausa. In ya kasa, bai karanta ba tukuna.

A gyara kuskure ɗaya a lokaci ɗaya. Shafin da ya cika da ja ba ya koya wa yaro komai sai tsoro. Haka kuma al'adar nan ta cin tarar yaro ko dukansa don ya yi Hausa a makaranta ba ta sa shi ya iya Turanci. Shiru kawai take koya masa, wanda ya yi shiru kuwa ba ya koyon harshe.

Ga iyaye

Wata uwa za ta ce, "Ni da ban yi boko ba, me zan iya?" Abin da za ki iya yana da yawa, kuma ba mai yi miki shi.

Ki yi ta magana da yaranki da Hausa mai kyau. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana suna koya wa yaro jera tunani, da sanin farkon labari da ƙarshensa. Wannan ba ya ɓacewa in ya koma Turanci, tare da shi yake ƙaura. Wasu iyaye a birni sun daina yi wa 'ya'yansu Hausa, suna yi musu guntun Turancin da su ma bai zauna musu ba. Ƙarshenta yaro ya tashi ba wan ba ƙanen.

A tabbata yaro ya iya karanta Hausa, ko makaranta ta koya masa ko ba ta koya ba. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Wanda ya gane cewa harafi sauti yake wakilta, ya iya haɗa baƙi da wasali, da wannan sanin zai shiga kowane harshe. A yawancin gidajenmu akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke tun 1932, akwai littafin waƙoƙi, ga kuma wannan mujalla. A lokacin karatun iyali da dare a riƙa ba yaro layi biyu ko uku ya karanta da ƙarfi.

In ya dawo daga makaranta a tambaye shi, "Me aka koya muku yau? Faɗa mini da Hausa." In ya iya, ya gane. In ya kasa, an san da sauran aiki, tun kafin ranar jarrabawa ta tona.

A bar shi ya zama malami a gida. Ya faɗa wa kakarsa sunan turmi da tsintsiya da tukunya da Turanci, ta gwada faɗa, a yi dariya. Wanda ya koyar ba ya mantawa. In akwai rediyo ko waya a gidan, a ba shi dama ya saurari shirin Turanci mai sauƙi na ɗan lokaci, babba yana kusa.

A ba 'yan mata lokacin karatu daidai da maza. Yarinyar da ta dawo daga makaranta ta wuce rijiya, daga nan ta hau daka, daga nan raino, yaushe za ta buɗe littafi?

Uba kuma ya riƙa leƙa makaranta. Ya gaisa da malam, ya tambaya ko yaron yana da littafin karatu nasa na kansa, ya halarci taron iyaye da malamai. Matambayi ba ya ɓata.

Ranar da 'yarka ta sake kawo maka littafi da jan biro, kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Ka zaunar da ita, ka ce, "Me kike so ki faɗa a nan?" In ta ba ka amsa da Hausa mai kyau, ka san harsashin yana nan da ƙarfinsa. Sai ka ce ta koma wurin malam gobe ta tambaye shi yadda Turawa suke jera tasu.